Jirin Inna Mero a Keke Mai Caji

Duk wanda ya san tashar Daudawa ya san Inna Mero mai man gyaɗa. Haifaffiyar Mabai ce, aure ya kawo ta, kuma tun tana da goyon fari take bin kasuwanni da jarkokinta. Ta hau bayan a-kori-kura, ta zauna bisa buhunan masara, ta yi tafiya da akuya kwance a ƙafafunta, amma zuciyarta ba ta taɓa tashi a mota ba. Ita ce ma ke tsokanar 'yan mata idan suka fara neman leda. Sai ta miƙa masu ɓarin goro ta ce, "Ku dai cikinku na auduga ne."

Bara da kaka autanta Gide ya sayo keke mai ƙafa uku, ba irin na fetur ba, mai caji, wanda ake jona wa wuta kamar waya. Ya rantse ba wanda zai fara ɗauka sai mahaifiyarsa. Aka yi dace akwai suna a Faskari, Inna Mero ta ci ado ta shiga baya ita da aminiyarta Hussaina.

Ba ta ji an tada inji ba, sai ganin katangar maƙwabta ta yi tana gudu. Keken ya fizga shiru, kuma da Gide ya sassauta hannu sai keken ya tirje kamar an riƙo shi ta baya. Kafin su bar gonakin gari yawu ya cika mata baki, zufa mai sanyi ta keto mata.

"Gide, tsaya."

"Lafiya, Inna?"

"Ka tsaya na ce maka!"

A gindin wata ɗorawa ta amayar da kokon safe duka. Hussaina tana zuba mata ruwa a hannu tana dariya har mayafinta ya zame. "Mero, yau ke ce? In miƙo goro?"

Labari ya riga su komawa gida. Kwana biyu matan unguwa na leƙowa yi mata sannu, kowacce da goro a hannu da dariya a ciki. Ita ma ta dara, don ta san abin da ta shuka. Amma ba ta haƙura ba. Ta tauna citta, ta shinshina lemun tsami, jirin dai ya ƙi barinta.

Wata ranar kasuwa tana tsaye a tasha ta ga tsohuwar motar kaya za ta tashi. Injin ya yi gurnani, mutanen baya duk suka gyara zama suka riƙe ƙarfe, sannan motar ta motsa. Inna Mero ta tafa hannu, ta nufi inda Gide ke goge kekensa.

"Na gano shi," ta ce. "Motocin da na saba da su suna faɗa wa mutum abin da za su yi. Wannan naka kau ba ya sallama. Kai kana gaba kana ganin hanya, mu na baya sai dai mu ji an jefa mu. To kai za ka zama bakinshi. In za ka ja, ka faɗa. In za ka tsaya, ka faɗa. Ka naɗe labulen nan in ga nesa, kuma ka riƙa sakin hannun nan a hankali."

"Inna, mutane za su ce na zare."

"Su ce."

Da farko a ciki-ciki yake faɗa, kunya ta ishe shi. Da ya ga sun je Faskari sun dawo Inna tana ta hira, sai ya saki murya. "Za mu ja! Ga kwana! Rami a gaba!" Ita kuma daga baya ta amsa, "Mun ji!" Ba a jima ba masu juna biyu da tsofaffi suka fara jiran kekensa a tasha, ko da akwai wani a gaba.

Bayan ƙaramar salla ta sa ya kai ta Mabai gaida yayanta Malam Maharazu. Tsohon na zaune a ƙofar gida ya ji ana ihun "Za mu tsaya!" ba ƙarar komai, ko kajin da ke kiwo ba su watse ba. Ya zagaya keken yana leƙen ƙarƙashinsa, ya ce shi ba ya hawa abin da ba ya numfashi.

"Haba Yaya, ni ma da farko ya kayar da ni," in ji Inna Mero. Ta ja hannunsa ta zaunar da shi a tsakiya, ta nuna mashi wata kuka can nesa ta ce kada ya ɗauke ido daga kanta.

Suka zagaya gari, Gide na shela, ita tana amsawa, har Malam ya fara amsawa tare da ita. Da suka dawo ƙofar gida Gide ya sauka ya miƙa mashi hannu. Malam Maharazu ya gyara hularsa, bai motsa ba.

"Ai ban ce na gaji ba," ya ce. "Mu je gidan liman, ina so ya gan ni."