Sawu Mai Yatsu Uku

Da farko na ɗauka Baba Mati ya fara taɓuwa. Dattijo da furfurarsa, kullum bayan la'asar sai ka gan shi tsugune a bakin fadamar Ƙwarin Kanya yana shafe laka da bayan ƙwarya, kamar mai yaɓen ɗaki. Ni Nababa, babur nake ja tsakanin ƙauyenmu da Minjibir, kuma Allah Ya ɗora mini cutar tambaya. Rannan na tsaya na ce masa ko kwaɗi zai gina wa gida. Ko murmushi bai yi ba, ya ce in dawo da hantsi.

Na dawo. Lakar da ya bari sumul ta cika da sawu. Ya riƙa nuna mini da tsinke: wannan tunku ne, ruwa ya sha ya koma, wannan guza ne, ga inda wutsiyarsa ta ja layi, wannan gafiya ce, kuma ciki gare ta. Yadda ya gane cikin, har yau ya ƙi gaya mini.

Tarko Mati ya gada. Shi da bakinsa ya ce a ƙuruciyarsa ya sha kama 'ya'yan gauraka yana kai wa masu kuɗin birni, su kiwata a tsakar gida don ado. Da haka gauraki suka ƙare mana, aka yi shekara talatin ba a ji kukansu ba. Kwatsam sai ga guda biyu sun sauka a fadamar, a shekarun nan da mai ya yi tsada, kwanon gero ya gagari talaka.

Labari ya kai jami'ar da ke wajen Rijiyar Zaki. Wata Malama Asiya ta zo da ɗalibanta da madubin hangen nesa, bayanta wasu suka biyo. Mu dai mamaki muke, a ce mutum ya ƙona mai a wannan marra don ya kalli tsuntsu. Amma sun hau babur ɗina, sun ci ɗanwaken Furera matar Mati, sun kuma riƙa barin abin alheri wurin mai unguwa, aka sayi wayar ƙarfe da tarkuna don kare sheƙar tsuntsayen. Nan da nan kowa ya zama masoyin gauraka, har da ni da ban san namiji da mace ba.

Matsalar ita ce damina biyu a jere sukan ƙyanƙyashe, amma kafin 'ya'yan su yi fiffike sai a neme su a rasa. Malama Asiya ta ce idan aka sake, da wuya iyayen su ƙara dawowa. Duk gari aka ce dila ne. Aka naɗa Mati shugaban masu gadi, ya kama tunku, ya kama guza, ya kama muzurun daji, dila kuwa ko gashinsa. A taron ƙofar mai unguwa shi ya kawo doka: duk dabbar da aka ga sawunta ya nufi sheƙar, a kashe ta, ko ta wane ne.

A damina ta uku 'ya'ya biyu suka fito. Wata safiya aka wayi gari saura ɗaya. Na tarar da Mati tsaye a kan lakarsa, ƙwaryar a hannu, bai nuna komai da tsinke ba. Na leƙa, na ga sawu irin wanda muke cewa na dila. Na ce yau dai an gane ɓarawo. Ya ce in ƙirga yatsun ƙafar gaba.

Uku ne. Duk Ƙwarin Kanya an san Duna, baƙin karen Mati, wanda tarkon Matin ya cire wa yatsa tun yana ɗan kwikwiyo. Shi ya yi jinyarsa, kuma shekara tara ke nan ba ya zuwa gona sai da shi.

Ba zan ɓoye ba, juyawa na yi na hau duba tayar babur, don ya samu ya shafe abin. Shafa ɗaya ta isa. Da na waiwayo sai na ga ya kifa ƙwaryar a kan sawun don kada a taka, ya nufi gidan mai unguwa.

"Rabona da ganin dila a ƙasar nan tun ina saurayi," in ji shi a gaban jama'a. "Bara da bara waccan ma sawun karnuka na gani, na bari kuka ce dila don kada in ɓata da maƙwabta. Da can kare kan samu ƙanzo. Yanzu mu muke kankare tukunya mu cinye. Ina kuke so ya je?"

Kowa ya sunkuyar da kai, don rabin mazan wurin suna da kare. Mati ya ce doka tasa ce, a fara kashe nasa karen. Ba wanda ya miƙe. Malama Asiya, da ta zo ranar, ta ce akwai wata hanya: a ɗaure karnuka har ɗan tsuntsun ya tashi sama, wajen wata uku. Wani ya ce karen da aka ɗaure ai ciyar da shi ake yi, da me? Mati ya ce nasa dai zai ci.

Wasu suka ba Fulani masu wucewa karnukansu, wasu suka ɗaure. Duna ya zauna ɗaure a gindin rumbu. Furera ta gaya mini tuwon da take zuba wa Mati, wanda da ma bai taka kara ya karya ba, biyu yake raba shi. Ta yi faɗa har ta gaji. Kafin a yanke gero rigarsa ta yi masa yawa, amma ko rana ɗaya bai fasa shafe lakarsa ba.

Ranar da ɗan gaurakan ya tashi, na kawo baƙi biyu. Ya yi gudu a kan ciyawa, ya buɗe fiffike, ya bi iyayensa ya zagaye fadama. Jama'a suka ɗauki salati. Na waiga in yi wa Mati barka, sai na hango shi ya riga ya kama hanyar gida. Cutar tawa ta motsa, na bar baƙin na bi shi.

Na same shi a gindin rumbu yana kwance igiya. Igiyar ta cinye gashin wuyan Duna. Da ta faɗi, karen bai gudu ba, ya kwanta yana kallon kwanon da ake zuba masa tuwo. Tausayinsu su biyun ya kama ni, na rasa tambayar da zan yi.

"Tashi mana," Mati ya ce wa karen a hankali. "Ɗan tsuntsun ya riga ya fi ƙarfinka, ya fi ƙarfina."