Kwat ɗin Rre Otukile

A goye Mbambo ya shigo Botswana, lokacin da yaƙi ya koro danginsa Hambukushu daga Angola. Gwamnati ta ba su fili a gefen kogin Okavango, daga baya ta ce su ma 'yan ƙasa ne. Amma wanda ya taɓa zama baƙo ya san hukuma tana iya karɓar mutum yau, maƙwabci kuwa sai ya ga dama. Mbambo ya girma yana noman gero, yana tuƙa kwalekwale, ya auri Kathiku, macen da bakinta ya fi hannunta sauri. Mutum ne mai gudun fitina, har mutane na cewa ko akuya ta taka shi sai ya ba ta haƙuri.

Duk rayuwar unguwarsu a kan wata siririyar hanya take, wadda ta ratsa makiyaya ta gangara kogi. Ta nan mata ke bi da kwandunan kamun kifi, ta nan ake ɗebo ruwa da ciyawar jinka. Sai ga Rre Otukile (Rre ko Rra kamar Malam ne a wajensu), Batswane mai garken shanu da faɗin ƙirji, ya ce za a zagaye makiyayar da waya don shanu sun addabi gonaki. Gaskiyarsa ce. Illa dai wayar za ta datse hanyar, kuma zagayen da ya rage ta cikin dajin giwaye yake.

Mai gari ya kira kgotla, taron da ake yi a gindin bishiya, inda kowane ɗan gari ke da bakin magana. Sai dai namiji ba ya miƙewa a wurin in babu kwat a jikinsa, ko da rana na narka dutse. Mbambo bai sani ba, don mutanensa a can baya suke tsugunawa su ji abin da aka yanke musu. Ranar, Kathiku ta yi ta zungurinsa da gwiwar hannu har ya miƙe, da wankakkiyar rigarsa mai gajeren hannu.

"Rra, ina kwat ɗinka?" in ji ɗan sandan kgotla.

"Ba ni da ita."

"To zauna. Nan ba bakin kogi ba ne."

Dariya ta ɓarke. Wani daga cikin masu shanu ya ce, "Ku bar shi, kifi ya zo saidawa!" Kunya ta lulluɓe Mbambo, ya fara neman inda zai sa kansa. Mai gari har ya buɗe baki zai ce tunda babu mai ja, magana ta zauna.

Sai Rre Otukile ya tashi, ya tuɓe kwat ɗinsa, ya ratsa mutane ya miƙa masa.

"Ungo, saka."

"Rra, ai kai zan yi wa gardama."

"Na sani mana! Ka ɗauka ni yaro ne? Saka ka faɗi abin da ke cinka. In na kayar da kai, ina so a ce da baki na kayar da kai, ba tela ne ya yi min aikin ba."

Kwat ɗin ta yi masa yawa, hannuwan sun haɗiye yatsunsa. Haka ya tsaya, da gurguwar Setswanarsa, ya ba su labarin tsohuwar da giwa ta tattake a wancan daji, ya tambaye su matar wa za a fara turawa. Otukile bai raga masa ba ko kaɗan, ya ce masa gonakin da shanu ke ci ai har da na Hambukushu. Aka yi ta ja har inuwa ta juya. Daga ƙarshe mai gari ya ce a ja waya, amma a bar ƙofa a kan hanyar, mai wucewa ya rufe. Jama'a suka ce "Pula!", wato ruwan sama, kalmarsu ta sa albarka, aka watse.

Da Mbambo ya kai masa kwat ɗin, Otukile ya toshe hanci. "Riƙe abarka, ta gama ɗaukar ƙarnin kifi. Kuma kada ka ce mun shirya, har gobe wawan tsari ne ƙofar nan."

Ba su shirya ɗin ba kuwa. Shekara da shekaru ba a yi taron da suka tsaya gefe ɗaya ba: in wannan ya zaɓi jam'iyya, wancan sai ya zaɓi kishiyarta, cocinsu ma daban. Amma Mbambo bai taɓa bari a zagi Otukile a gabansa ba. Ranar da aka binne Otukile, da kwat ɗin Mbambo ya je, ya yi kuka kamar wanda ya rasa babban wansa. Ya ce wa Kathiku, "Gwamnati ta ce ni ɗan ƙasa ne, amma ban ji a jikina ba sai da mutumin nan ya tuɓe min rigarsa."

Yanzu Mbambo ya yi furfura, kujerarsa a sahun gaba take, Setswana kuwa har karin magana yake jefawa. Bara aka sake kiran kgotla a kan ƙofar nan. Kgao ne ya kawo ƙara, wani Basarwe, ɗan ƙabilar mafarautan daji da ake rainawa, wanda ke kiwon shanun mutane. Masu zuwa kogi sun saba barin ƙofar a buɗe, shanu su fice, kadoji su kama su, shi kuma iyayen gidansa su zage shi tas. So yake a toshe ta da waya gaba ɗaya. Ya miƙe da wata yagaggiyar riga, ɗan sandan kgotla ya tare shi.

"Rra, ina kwat ɗinka?"

Gaskiya zuciyar Mbambo ta ce masa ya yi shiru. Ba sai ya yi komai ba, ya dubi ƙasa kawai, a zaunar da Kgao, ƙofa ta tsira. Kathiku ma daga wajen mata ta zare masa ido, don ta san halin mijinta.

Ya tashi a hankali yana dafa gwiwa, ya tuɓe.

"Baban yara, ka haukace?" Kathiku ta ɗaga murya. "Ƙofarmu fa zai rufe!"

"Ai ban ce zan bar shi ba, Mma. Bari ya gama, ni ma ina da baki."

Ya saka wa Kgao kwat ɗin da hannunsa, ya naɗe masa hannuwan da suka yi tsawo, don shi ma ta yi masa yawa.

"Ɗaga murya sosai," ya ce masa. "Mai garin nan kunnensa ɗaya ne ke aiki. In ka gama ka miƙo min, in ba ka amsa."

Ya koma kujerarsa da 'yar shara, ya kasa kunne.