Ranar da Na Karanta Rumbun Kakana a Labarai

Jiya da safe na sayi ƙosai a bakin tasha, mai ƙosan ta ƙunshe mini a yagaggiyar jarida. Warin tawada da mai ya bugi hancina, sai na ji ƙosan ya fita daga raina. Warin ajinmu ke nan na ƙarshe a sakandare a Gumel, cikin shekarun casa'in, inda na fara koyon aikin da ya cinye mini ƙuruciya, ga shi yanzu yana lasar tsufana.

Malamarmu ta Turanci ce ta kawo darasin. Kirista ce, aiki ya kawo ta daga wajen Filato, amma Hausarta ta fi ta wasunmu gishiri. Aikin jarida ba ya cikin jarrabawa, ita ce dai ta zaɓi 'yan kaɗan daga manyan azuzuwa tana koya mana ran Laraba bayan azahar, lokacin da rufin kwano ke gasa mu. Takan zo da jaridun Kano da suka yi mako a hanya, mu yi ta feɗe su. Wa ya yi, me ya yi, a ina, yaushe, don me. Kullum tana cewa labarin da ba shi da mai shi jita-jita ce. Ran Litinin kuma ɗayanmu ya hau gaban taron ɗalibai ya karanta labaran mako. Ni kuwa kaina ya kumbura, har tafiyata ta sake.

A hannun kakana na tashi, a wani ƙauye kan hanyar Sule Tankarkar. Tsakanina da shi sai tsiya irin ta jika da kaka. In ya hango ni da akwatin makaranta sai ya ɗaga murya, "Ku ɓoye furata, ga gara ta dawo!" Ni kuma in ce tsoho ya ƙi mutuwa don kada in gaji gonarsa. Mutum ne da ake zuwa ƙofarsa neman iri idan damina ta faɗi, ba a taɓa ganin shi ya je ƙofar wani ba.

A shekarar da nake ba ka labari ruwa ya ɗauke gero na fitar da kai. Kafin bazara ta yi nisa, gidaje sun koma kan dusa da busasshiyar tafasa. Amma a gidanmu ba ka ganin alama. Rumbun kakana yana nan da jinkarsa, tsani a jingine, turmi na amsawa kowace hantsi. Sai da na zo hutu na gane yadda ake yi. Ran Alhamis tsoho zai kora akuya zuwa kasuwar Maigatari, ya dawo da amalanke cike da harawa, a ƙarƙashin harawar kuwa geron da ya auno ne a ɓoye.

Malama ta ce kowa ya dawo da labari daga garinsu, da sunan wanda ya ba shi. Na sami kakana a gindin bishiyar bedi yana tufka igiya, na tambaye shi zancen rumbun. Ya yi dariya har da tari.

"Kai ɗan nema, rumbun nan ko ɓera ya yi ƙaura. Amma muddin hularsa na kansa, ai mai arziki ne."

Jikansa ya gaya wa. Ni kuma ɗan jarida ne ya saurara. Na rubuta komai, akuya, harawa, ɓera, da sunansa da na unguwarmu, yadda aka koya mini. Da malama ta karanta sai ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Ya san za a karanta wannan a gaban mutane?" Na ce ya sani. Wallahi har yau ina jin yadda ƙaryar ta fito mini da sauƙi.

Na karanta, aka tafa, shugaban makaranta ya ba ni hannu. Na manta akwai 'yan garinmu a layi, kuma suna da kekuna.

Bayan mako biyu na je gida. A zaure na tarar da rabin buhun gero a jingine, ba a ko kwance bakinsa ba. Wani maƙwabci ne, wanda shekara da shekaru yake karɓar iri a hannun tsoho, ya ɗoro shi a jaki da rana tsaka, mutane na zaune a ƙofar masallaci. Don Allah ya yi, ban taɓa zarginsa ba. Aka ce tsoho ya fito, ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya.

Na shiga na durƙusa, ina jiran ya ce a ɓoye fura. Sai ya gyara zama, ya turo mini tabarma.

"Malam, sannu da zuwa. An zo lafiya?"

Malam! Da mari ya ba ni da ya fi mini sauƙi. Na bi kakata madafa ina ta kare kaina, ai gaskiya na faɗa, ga shi ma an taimaka. Ba ta ko juyo ba, tana tuƙa tuwo ta ce, "Mu muka ce maka yunwa ta fi ƙarfinmu? Ka tuɓe wa tsoho riga a kasuwa kana cewa ka yi masa fifita."

Da na gaya wa malama abin da ya faru, sai ta ce mahaifinta ma haka zai ji. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma sake ba ni labaran Litinin ba.

Na yi sama da shekara ashirin a gidan rediyo bayan wannan, kuma na gaji, ba zan ɓoye maka ba. Yanzu kowa ɗan jarida ne, wayarsa a hannu. A ba tsohuwa mudun shinkafa, a ce ta ɗaga shi sama ta kalli nan, kafin ta kai gida duniya ta ga fuskarta. Yaran da ake turo mini koyon aiki sun fi ni iya na'ura nesa ba kusa ba. Ina gaya musu ba duk abin da aka faɗa a gabanka aka ba ka ba, su gyaɗa kai suna latsa waya. Ba na jin haushinsu, ni ma an tambaye ni na ce ya sani.

Tsoho ya ƙara shekara bakwai a duniya. Bai taɓa tayar da maganar ba, bai kuma sake tsokanata ba ko sau ɗaya. In na shigo ana hira sai a koma zancen ruwa da zafi. Na kai masa riguna, na kai goro, ya sa albarka kamar yadda ake sa wa baƙon kirki.

Wata huɗu ya yi a kwance kafin ya cika, duk garin sun sani, ban da ni. Da saƙo ya iso ni na hau mota, na tarar an dawo daga maƙabarta. Na zauna a gaban kakata ina kuka kamar yaro, na ce me ya sa ba a aiko mini ba, ni da ya raina da hannunsa?

Ta goge ido da bakin zane ta ce, "Shi ya hana. Ya ce yana so ya yi ciwonsa a gida."