Ranar da Maƙwabcina Ya Sa Kwaɗo

Lauya ya ce in amsa cewa na saci buhunan riɗi a Doka, a sassauta mini. In na ƙi, in tsufa a sijin, wato kurkuku. Na amsa abin da ban yi ba. Sai da direban lorin da ya ɗauko buhunan ya faɗi gaskiya aka sake ni.

Na koma ɗinkina a kasuwar Gadarif. A layinmu ba a kulle shago don salla, maƙwabci ake ce wa, "Duba mini." Nawa maƙwabcin ya rungume ni har da hawaye, ya yanka mini rago. Da aka kira azahar, ina jiran ya ce in duba masa, sai na ji ƙarar kwaɗo a ƙofar shagonsa.