Motar Baba Meshak da Amaryar Agusta

Baba Meshak ya yi ritaya daga reluwe a Kafanchan, ya koma ƙauyensu kusa da Kagoro yana noman citta. A 1975 ya sayi tsohuwar Bokswaja, mota ɗaya tilo a ƙauyen. Mutum ne mai kirki, amma yana da dabara wadda shi kaɗai yake yaba wa.

Inshora ita ce ciwon ransa. Sai ya ɗauki motar kamar garma, mai lokacin aiki da na hutu. In ya sayar da citta, ya yanki inshorar wata shida. Da damina ta sauka, ya ɗora motar kan duwatsu, ya rufa mata zana.

"Motar da take barci, me za ta buge?" in ji shi.

Sai ga Scholastica, 'yar ƙanensa, za ta yi aure a Agusta. Uwarta Lucia ta zo ta durƙusa.

"Baban yara, kai za ka kai 'yarka coci. Na riga na gaya wa dangin ango."

Kunya ta hana shi cewa takardarsa ta mutu. Ya sauke mota, 'yan Zumuntar Mata ta coci suka ɗaura mata furanni. Amma tsakaninsu da cocin akwai gada, inda 'yan sanda suke tsayawa duba takardu. Kafin a kai can, Baba Meshak ya karya kan mota ya bi burtali, hanyar shanu.

"Baba, wannan ba hanya ba ce," in ji amarya.

"Yanke ne, 'yata."

Yanken ya ƙare a fadama. Mota ta nutse har ƙofa. Sajo, wani makiyayi, ya jingina da sandarsa yana kallo.

"Dattijo, ko shanuna ba sa bin nan sai rani."

Scholastica ba ta yi kuka ba, kuma wannan ne ya fi ƙona shi. Ta cire takalma, ta tattare farar rigarta, ta taka. Shi kuma yana biye, riƙe da jelar rigar, bai iya ɗaga ido ba.

Sun iso coci mawaƙa sun ƙare waƙoƙinsu sun sake daga farko. Jama'a suka juyo suna kallon taɓo har gwiwar amarya. A bakin ƙofa wani ƙato ya tare shi da fara'a. Kofur Luke ne, mai tsaron gada, ashe kawun ango ne.

"Baba, me ya kai ku fadama? Ai yau babu kowa a gada, dukanmu muna nan."

Baba Meshak ya ce ya ɓata hanya ne, shi da aka haifa a wurin. Kujerar uban amarya tana gaba, an ajiye masa. Ya roƙi ƙanensa ya zauna a kai, shi kuma ya lallaɓa bencin baya, ya rufe taɓon wandonsa da littafin waƙa.