Manu da Baƙar Motar Alhaji Ishaƙ

Manu ɗan garin Sule Tankarkar ne, daga gidan dukawa. Da basilla a hannu ya tashi, yana taya ubansa ɗinkin gafaka da takalma, har lokacin da aka zo ɗibar soja don yaƙin Bama aka tafi da shi. A can aka sa shi ɓangaren motoci. Ya fara koyon tuƙi ke nan batir ya fashe masa a fuska, ruwan ya cinye masa idon hagu. Maganar tuƙi ta ƙare daga nan. Sauran zamansa a soja wanke motocin hafsoshi ya yi, ya kuwa iya shi kamar yadda ya iya ɗinkin fata.

Da aka sallame shi bai koma gida ba, Gumel ya sauka. Ya auri Safara'u, 'yar wani maƙeri, mace mai yawan dariya, suka kama ɗaki kusa da kasuwa yana gyaran takalma.

A shekarar 1952 Alhaji Ishaƙ, mai awon gyaɗa, ya sayo wata baƙar mota a Kano daga hannun wani Bature da zai koma ƙasarsu. Ya zo da ita tare da direbanta, wani Bakano da ake kira Dogo. Wata safiya Manu zai wuce ya tarar da Dogo yana dirzar jikin motar da busasshen tsumma, ga rairayi duk ya lulluɓe ta. Ya tsaya, ya kasa wucewa.

"Malam direba, yankan ta kake yi."

"Da me na yanke ta?" in ji Dogo.

"Da ƙasar da ke jikinta. Zo ka duba ta nan inda rana take bugawa."

Dogo ya sunkuya, sai ga zane birjik kamar an ja ƙaya a kan fentin. Alhaji yana zaure, ya ji komai. Ya sa aka kira Manu, ya tambaye shi inda ya san wannan. Kafin azahar aikin ya zama nasa.

Ruwa a ƙasar Gumel ba abin wasa ba ne, sai mutum ya ja guga hannunsa ya yi kanta kafin ya cika tulu. Manu da tulu biyu yake gama mota. Da farko yakan kaɗe ƙurar da gashin jimina, sannan ya fara daga sama ya gangaro, tsumman jiki daban, na taya daban. Ba ya wanki cikin rana, sai a rumfa, don kada ruwa ya bushe ya bar tabo. Ƙarafunan gaba da toka mai laushi yake goge su, wadda Safara'u take tankaɗe masa da rariya. Ruwan ɗauraya kuma ba ya zubarwa, gindin wani ɗan dogonyaro da aka dasa a ƙofar gidan yake kai shi.

Da gwangwanin man gogewar da Baturen ya bari ya ƙare, aka nema a kantunan Kano ba a samu ba. Manu ya taka har wani ƙauye a bayan Gagarawa wurin masu amya, ya samo kakin zuma. Ya narkar, ya tace da ƙyalle, ya dama da kananzir kaɗan, ya yi ta gwadawa a bayan wani tsohon kwano har ya dace da haɗin. Yakan shafa shi siriri, ya jira ya yi fari, sannan ya bi da tsohon rawani yana murzawa a hankali. Ranar Alhamis in motar ta shiga kasuwar Maigatari, mutanen Damagaram sukan kewaye ta suna gyara rawunansu a jikin ƙofa.

Safara'u takan tsokane shi. "Malam, kai da ka fi kowa sanin motar nan, yaushe za ta ɗauke ka?"

Sai ya ce, "Ni mai wanka ne, ba mai hawa ba." Gaskiya ne kuwa. Shekara uku yana shiga yana share ta, yana shafa wa kujerun fatarta mai, amma bai taɓa zama a ciki tana tafiya ba.

Shi da Safara'u sun yi shekara bakwai ba haihuwa, sai a daminar 1955 cikinta ya kai wata tara. Naƙuda ta zo da gardama. Kwana biyu ungozoma, wata tsohuwa Talatu, tana fama. A rana ta uku da hantsi malamin asibiti ya zo ya duba, ya ce abin ya fi ƙarfinsa, sai babban asibiti a Kano. Ga shi an yi ruwa, an rufe hanyar mota ta zuwa Kano. Dabara ɗaya ta rage, a kai ta tashar Gagarawa a tari jirgin ƙasa.

Manu ya je ya durƙusa a zauren Alhaji. Alhaji ya riga ya ji labari. Ya ce, "Tashi, Manu. Dogo, ta da mota."

Aka kwantar da Safara'u a kujerar baya, kanta a cinyar Talatu. Manu ya zauna gaba. Hanya duk taɓo, sau biyu suna kafewa, yana fita yana saran reshe yana cusawa ƙarƙashin taya. Suna hango rufin tasha Talatu ta ce, "Direba, tsaya. Ku fita, ku ba mu wuri."

Suka koma gindin wata tsamiya suka juya baya. Dogo yana jan carbi. Can sai suka ji kukan jariri. Manu ya yunƙura, Dogo ya riƙe masa hannu, don ba a kira su ba tukuna. Jirgi ya zo, ya tsaya, ya yi kuka ya wuce suna kallo. Sannan Talatu ta buɗe ƙofa, zanenta jiƙe da jini.

"Malam Manu, an sami mace. Uwar kuma sai haƙuri, jinin ya ƙi tsayawa. Ta yi shahada da bakinta."

Bayan la'asar aka yi mata sutura a Gumel.

Washegari Alhaji ya ce kada wanda ya bar Manu ya kusanci motar, zai sa a cire kujerar a kai Kano a sake mata fata. Manu ya zauna karɓar gaisuwa kwana uku. A na huɗu da sassafe aka gan shi a rumfa da tulunansa.

Alhaji ya fito da kansa. "Manu, ban sa ka ba. Koma gida."

"Ranka ya daɗe, jinin iyalina ne. Ba na so wani namiji ya sa masa hannu."

Alhaji ya juya ya ce wa mutanen zaure kowa ya tashi daga wurin.

Manu ya kwance kujerar ya fito da ita. Ya jiƙa tsumma da ruwan sanyi da gishiri, yana dannawa yana matsewa a ƙwarya, bai dirza ba. Inda jini ya shiga ɗinki ya farke da basillar ubansa, ya ciro audugar ciki, ya cusa sabuwa, ya mayar da ɗinkin a ramukansa na da. A lungun kujerar ya tsinci ɗan kunnen Safara'u guda ɗaya. Nan ne ya zauna a ƙasa ya yi kukan da bai yi ba a maƙabarta. Ruwan ƙwaryar da audugar ya kai bayan gari, ya haƙa rami mai zurfi ya binne. Kafin magariba ya mayar da kujera, ya wanke taɓon hanyar Gagarawa, ya shafa kaki.

Aka raɗa wa yarinyar suna Rabi'atu, yayarsa Hannatu ta ɗauke ta zuwa Sule Tankarkar ta shayar da ita tare da nata ɗan. Manu bai bar aikin ba, sai dai magana ta ragu a bakinsa. Duk Juma'a ta biyu yakan taka a ƙasa ya je ya ga 'yarsa. Dogo ya sha cewa zai rage masa hanya, yana cewa a'a.

A 1959 injin motar ya gaji, Alhaji ya sayar wa wani mutumin Damagaram, ya sayi babbar motar ɗaukar gyaɗa. Ya ce Manu ya zauna ya ci gaba da kula da ita. Manu ya yi godiya, ya ce idonsa mai gani ma ya fara hazo, kuma yarinya ta fara tambayar inda babanta yake kwana. Alhaji ya ba shi jaki da buhun gero biyu. Da kaka ya ɗaure kayansa ya koma Sule Tankarkar, ya share rumfar ubansa da ta daɗe a rufe, ya zauna ɗinki.