Dambun da na zuba a kwanon Anti

A gidanmu an hore mu a kan cewa ba a mayar wa maƙwabci kwano babu komai a ciki. Ko gyaɗa ce, ko ƙwai biyu, ka saka. Da wannan tarbiyyar na zo Kuala Lumpur karatun digiri na biyu, kuma da ita na tafka ɓarnar da har yau in na tuna sai na ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

A unguwar Cheras nake zaune lokacin, hawa na bakwai. Ƙofar da ke kallon tawa ta wata tsohuwa ce 'yar ƙabilar Sin, gajeruwa, mai sauri kamar an biyo ta. Anti nake ce mata, yadda kowa ke kiran tsohuwa a garin. Mijinta yana kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, ita ke juya shi, ita ke yi masa wanka. Hirarmu ba ta wuce ta tambaye ni ko na ci abinci, in ce na ci, ta kalle ni sama da ƙasa ta ce ƙarya nake.

Wata rana da la'asar ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, sanye da fararen kaya, riƙe da irin kwanon nan mai hawa huɗu da ake ɗauka da mariƙi ɗaya.

"Makan lah," ta ce, wato in ci. "Ba alade, ba nama, ko man nama babu. Tukunyar ma sabuwa ce."

Awara ce da kabeji da taliya da gwaza, na kuwa cinye tas. Ni da son kaina na ɗauka duk wahalar nan don ni aka yi ta. Har waya na buga wa yayata ina fankama, wai tsohuwa ta sayi sabuwar tukunya saboda Musulmar maƙwabciyarta. Ko a raina bai zo ba in tambayi dalilin fararen kayan.

Washegari ta ce ranar Asabar za a rufe bikin ƙauyensu, in zo in ga kasuwa, kuma in taho mata da kwanonta. Ina da sauran dambun naman da aka aiko mini daga gida, wanda nake ɓoye wa har abokiyar zamana. Na juye shi duka a hawan ƙasa, na jera sauran a kai, na ƙulle. Na ce bari tsohuwar nan ta san mu ma 'yan gidan mutunci ne.

Ranar Asabar da safe muka hau jirgin ƙasa, muka sauka muka shiga bas. Kwanon yana kan cinyata. A bas ɗin ne Anti ta buɗe baki, da Turancinta mai haɗe da Malay, ta yi mini bayanin da ya kamata in nema tun farko. Kwana tara ake bikin duk shekara. A kwanakin nan masu farare ba sa cin nama, ba sa cin albasa da tafarnuwa, ko tukunyar da ta taɓa ganin nama ba sa taɓawa. Ita tun tana amarya take cikin matan da ke girki a madafar ɗakin bautarsu. Bana kuma alwashi ta ɗauka saboda mijinta. Za ta cika kwana taran ba ta karya ba, a rana ta ƙarshe ta ɗebo abincin madafar a kwanon nan ta kai masa ya ci.

Na kalli kwanon da ke kan cinyata. Kalma huɗu kawai nake bukata: Anti, akwai nama ciki. Amma na dubi fuskarta tana ta murna, kunya ta kama mini harshe. Sai na shirya dabara irin ta marasa gaskiya, na ce in mun sauka zan nemi banɗaki in juye shi a jakata.

Ƙauyen yana gefen birni, dogayen gine-gine sun kusa haɗiye shi, amma gidajen katako masu rufin kwano suna nan. An kafa tutoci ruwan ɗorawa tun daga bakin titi. Kasuwa ta ci ta tumbatsa. Manoma sun baje rogo da dankali da rake, ga wani lemo mai girman kan jariri, ga tulin jajayen burodi da aka dafa da tururi. Turaren wuta kuwa wani kaurinsa ya kai taɓarya, hayaƙinsa sai da ya sa ni hawaye. A kan wani dandamali 'yan wasa sun shafe fuska da fenti suna rera waƙa da siririyar murya, tsofaffi na zaune suna fifita. In ka cire turaren, ranar kasuwar garinmu ce sak, har da ihun ciniki da 'yan uwan da suka shekara ba su haɗu ba.

Ban samu banɗakin ba. Muna sauka wata ƙawar Anti ta tare mu, ta fizge kwanon daga hannuna, wai baƙuwa ba ta ɗaukar kaya. Na bi su ina kallonsa yana lilo a hannunta.

Madafar rumfa ce a gefen ɗakin bautar. Na tsaya daga bakinta, don dama na faɗa wa Anti ba zan shiga wurin ibadarsu ba, ta ce boleh, wato ba komai. Mata kusan goma, duk cikin farare, suna yanka kabeji da awara a kan dogon tebur. Anti ta ajiye kwanon a tsakiyarsu ta fara sauke hawa-hawa. Na ƙasan ya ɗan maƙale, ta ja da ƙarfi, sai dambu ya watse a kan teburin, cikin kabejin, cikin awarar.

Wuƙaƙe suka tsaya. Babbarsu, wata ƙatuwar mata mai tabarau, ta kai hanci kusa, ta ɗago ta fara magana da yarensu. Ba na jin ko kalma ɗaya, amma faɗa ba ya bukatar tafinta. Ashe su ma suna da nasu dambun, na alade, kamanninsu ɗaya da namu. Wa zai zargi baƙuwa mai hijabi da kawo shi? Duk idanu a kan Anti suke.

Ta sunkuyar da kai tana magana a hankali, tana buga goshinta da yatsa. Wata mata da ke kusa da ni ta raɗa mini da Turanci: "Cewa take tsufa ne, ta manta ba ta duba kwanon ba. Abin tausayi lah."

Na gyaɗa kai. Wallahi na gyaɗa kai, kamar ni ma tausayin nake taya ta. Ina tsaye aka kwashe kayan teburin gaba ɗaya aka zubar, aka kawo ruwa da ganyen lemo ana wanke shi. Ina tsaye Anti ta kwance ƙyallen girkinta ta ninke ta ajiye, ta tattara kwanonta babu komai a ciki ta fito. Ko sau ɗaya ba ta kalli inda nake ba.

Muka kama hanyar dawowa. Na yi ta faɗa wa kaina cewa lafiya a hannun Allah take, ba a kabeji ba. Haka ne kuwa, amma bai rage mini komai ba, don kwana tara matar nan ta yi tana tashi da asuba da wannan fatan, ni kuma na tsaya ina kallo ta ɗauki laifina.

Sai a bakin ƙofarta, tana laluben makulli, bakina ya buɗe.

"Anti, ni ce. Ni na zuba."

"Na sani lah," ta ce. "Namu zaƙi ne da shi, naki yaji yake tashi."

"To me ya sa ba ki faɗa musu ba?"

"Ni na gayyato ki. Ina zan bari su yi wa baƙuwata ihu?"

Na tambaye ta ko akwai yadda za a gyara, ko in koma in yi musu bayani. Ta girgiza kai ta ce an riga an rufe bikin, sai baɗi, za ta sake daga farko. Ta tura ƙofar. Daga ciki na ji tarin tsohon, ya ji motsinta yana kiranta da muryar da ba ta fita sosai. Ta sauya kwanon zuwa hannun da ba zai hango ba daga gadonsa.

"Baɗi," ta ce, "in ya jira ni."